Bindigar ta gwamnati ce, ƙotar ce tawa

Ƙanin wani abokina ne ya tare ni a wajen ɗaurin aure a Unguwar Sarki kwanakin baya, ya ja ni gefe kamar mai neman rance, wai Yaya ance kana da libarba ta gasa, dan Allah nawa ka saya kuma ta ina ake bi. Nayi dariya har hulata ta kusa faɗuwa. Nace masa ƙanina ni bani da bindiga, abinda nake dashi guntun katako ne, shi ma yana cikin durowa an naɗe shi a tsohuwar safa. Bai gane ba, wajen kuma ba na dogon bayani bane ana ta rabon goro da dabino, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin tun daga tushe ko wasu ma su huta da tambaya.

Abinda mutane da yawa basu sani ba shine a ƙasar nan libarba ba irin bindigar da zaka je ofishin 'yan sanda ka cike fom a baka lasisi bace. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na gargajiya irin su adaka da ake ɗurawa ta baki, waɗannan kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da ta cewa a kansu. Akwai irin ta farauta mai baki biyu da bindigar iska, su sai Sufeto Janar. Sannan akwai waɗanda aka haramta ma kowa sai da lasisin shugaban ƙasa da kanshi, to a nan fa aka saka libarba da fistol, layi ɗaya da mashinga da gurneti. Kaji ko. In aka kamaka da ita ba takarda maganar shekara 10 ake a gidan yari. Don haka duk wanda yace maka zai haɗaka da wani mai sayarwa a bayan fage, wlh rami yake haƙa maka.

To ni ya akayi na riƙe ta. Ma'aikacin kaki ne ni, ba sai na faɗi wace hukuma ba. Duk shekara ana kai mu filin harbi a gwada hannunmu, mafi yawanmu zuwa muke don kar a rubuta sunanmu cikin waɗanda basu zo ba, a harba a karkaɗe wando a koma ofis. Wata shekara sai Allah yasa harsasaina suka taru waje ɗaya, ni kaina ban san ya akayi ba. Bayan sati biyu Oga ya kira ni ofis yace akwai gasar shiyya nan da wata biyar, an saka sunana a ɓangaren ƙaramar bindiga, inje in samu Baba Sajan a amori, wato ɗakin ajiye makamai. Ko tambayata ba'ayi ba ko ina so, aikin kaki kenan.

Abin mamaki garin nan namu na Kaduna garin bindiga ne in ka duba, ga masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kakuri tun 1964, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga barikin soja na Jaji nan kusa, har gasar wasanni ta ƙasa mun karɓi baƙuncinta a 2009, amma ka tsaya a Kasuwar Barci kace ma mutane harbi wasa ne kamar ƙwallo ko langa, ana bada maki ana bada kofi, kallon mahaukaci za'ayi maka. Kuma ban ga laifinsu ba, abinda bindiga tayi mana a jihar nan ba kaɗan bane. Ni kaina sai da na shiga na gane duniya ce daban.

Baba Sajan mutumin Zuru ne, saura masa kamar shekara biyu yayi ritaya a lokacin. A takarda na girme shi a muƙami, amma cikin amori shi ne sarki shi ne alƙali. Oga ƙarami yake ce min, ni kuma Baba. Ranar farko ya buɗe wani akwatin ƙarfe ya fito da libarba kusan goma duk sun sha mai sun yi baƙi, yawancinsu irin na aiki ne masu gajeren hanci da saitinsu a manne yake baka iya motsa shi, sai guda biyu a can ƙasa naɗe a tsumma. Ya ɗauko ɗaya ya buɗe gangar da ake zuba harsashi ya leƙa ya nuna min ba komai ciki, sannan ya miƙo min yace nima in leƙa. Nace Baba ai yanzu ka duba. Yace Oga ƙarami, idona ne ya duba, naka bai duba ba. Daga ranar ban sake karɓar bindiga daga hannun kowa ba ban leƙa ba.

Smith & Wesson ce, Model 14, wadda tsofaffi ke kira K-38, 'yar Amurka, tana cin harsashin .38 Special guda shida. Hancinta inci 6, nauyinta kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma saitin bayanta yana da sukuru biyu, ɗaya na sama da ƙasa ɗaya na hagu da dama. Dama don harbin taget aka ƙera ta. Baba yace ta girmi aikina, kila ma ta girme ni. Na saka hannu a littafi, lamba kaza, ƙarfe kaza, harsashi kaza. Haka zan dinga yi kullum, in karɓa da safe a mota ta hukuma a kai mu fili, in dawo in ƙirga masa kwanso ɗaya bayan ɗaya, in ya bani 20 to kwanso 20 zai gani ko kuwa ranar ba mai zuwa gida. Akwai ranar da muka kwashe kusan awa ɗaya muna tonon ciyawa da tsinke saboda kwanso ɗaya, ashe yana cikin naɗin ƙafar wandona.

Gasar da aka saka ni a ciki dokokinta na hukumar harbi ta duniya ne, ISSF, mai hedikwata a Munik ta Jamus. Nisa mita 25, a tsaye, hannu ɗaya tak, ɗayan ka saka shi a aljihu ko ka maƙale a bel, babu jingina babu madubin hange. Harbi 60, maki 600 in ka cinye duka. Talatin na farko na natsuwa ne, harsashi biyar cikin minti biyar, kuma da'irar maki goma faɗinta milimita 50 ne kacal, kamar bakin ƙaramin kofin shayi, daga inda kake tsaye ko ganinta bakayi sai dai baƙin da ke kewaye da ita. Talatin na biyu na sauri ne, hannunka na ƙasa ya karkata, taget ta juyo ta fuskance ka na daƙiƙa 3 ka ɗaga ka harba ɗaya, ta juya baya na daƙiƙa 7, ta sake dawowa, har sau biyar. Mu namu filin atisayen ba taget mai juyawa, koci ne ke riƙe da usur da agogo. Irin wannan harbin namu ba ya cikin Olamfik, sojoji da 'yan sanda na duniya ne suka fi yinshi, manyan cikinsu kuma sama da 580 suke ci. Ranar farko na ci abinda kunya ba zata barni in rubuta ba.

Harsasaina duk ƙasa ta hagu suke zubewa. Nace Baba saitin nan ya goce a juya shi. Bai ce min komai ba, ya karɓa ya ɗora hannunshi kan buhun yashi ya harba uku, suka taru kusan waje ɗaya sama kaɗan da tsakiya. Ya miƙo min. Yace yatsanka ne ke fizgar kunama kamar mai fizgar kunnen yaro, kuma kana rufe ido kafin ta tashi. Na rantse bana rufewa. Sai ya juya baya ya ɗura min, ya haɗa da kwanson da ba komai ciki ban sani ba, na ɗaga na ja, ƙyas, ba ta tashi ba amma bakin bindigar ya duƙa ƙasa kamar mai gaida sarki, kowa na kallo. Sati uku bai bari an taɓa sukurun saiti ba sai da harbina ya fara taruwa. Da ya taru ɗin ne muka fara juyawa, ƙa'idar mai sauƙi ce, inda kake son harsashi yaje can kake tura saitin baya, kana ƙirga ƙas ƙas ɗin da sukurun keyi kana rubutawa a littafi. Ya kuma koya min in daina saita tsakiyar baƙin, in ajiye tsinin gaba a ƙarƙashinshi in bar ɗan farin layi a tsakani, saboda baƙin ƙarfe a kan baƙar takarda ido baya rabewa. Idonka kuma a kan tsinin zai tsaya, taget ɗin ka barta ta dushe. Wannan ya fi komai yi min wuya, zuciya taget take son kallo.

Rana ma da nata. Filin namu da safe rana ta dama take bugowa, sai gefen tsinin ya dinga sheƙi harbin ya dinga gocewa, da yamma kuma ya koma wani gefen. Maganin Baba kyandir ne, ya kunna ya turara saitin da hayaƙi har yayi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ba sheƙi ko kaɗan. Ashana da guntun kyandir basu sake barin jakata ba.

Sai maganar harsashi, wanda shi ne ciwon kan. Na aiki mai zagayen kai akwai shi, amma na gasa daban ne, wodkota ake ce masa, kanshi a shafe yake kamar an yanke da wuƙa, duk dalmar a nutse cikin kwanso, nauyinshi giren 148 a ma'aunin harsashi. Ba shi da ƙarfin bugu, kuma yana huda takarda tsaf kamar abin huda fayil na ofis, alƙali baya wahalar gane ko ya taɓa layi ko bai taɓa ba. Kwali kaɗan muke dashi, an ce a adana na ranar gasa, don haka atisaye da na aiki muke yi, su kuma biyun ba waje ɗaya suke sauka ba. A littafina shafi biyu ne, saitin wannan da saitin wancan. Dalma kuma tana barin datti a cikin hanci da bakin ramukan ganga, kullum sai an bi da buroshi, in kayi lalaci kwana biyu zaka ga harbin ya fara watsewa kana ta zargin kanka.

Kunama ita ce inda na tafka abin kunya. Doka tace in an ɗana guduma, kunamar sai ta iya ɗaukar kilo ɗaya ba tare da ta faɗi ba, ana rataya mata nauyi ne bakin bindiga na kallon sama a ɗaga a hankali. Mu bamu da dutsen awon, sai Baba ya aiki yaro ya sayo fiya wata, ko wace leda rabin lita wato rabin kilo, ya zuba biyu a baƙar leda ya lanƙwasa waya ya rataya. Don kar ace ƙiyasi ne har wajen mai nama muka je aka ɗora a sikeli. Tamu ta ɗauki leda biyu, aka ƙara ta uku ma ta ɗauka ko gezau, wato ta wuce kilo ɗaya da rabi. Baba ya buɗe cikinta a gabana, tsohon mai ya daskare yayi kamar ƙaro, ya wanke tas ya saka sabo ɗan kaɗan, ya canza wani ƙaramin sifirin, amma haƙorin da ke riƙe guduma ko taɓa shi baiyi ba. Yace duk wanda ya kai fayil wajen nan ya kashe bindiga, wata rana zata tashi ba wanda ya aike ta. Da ya gama ta ɗauki leda biyu, ana saka ta uku ta faɗi. Yace ya isa.

Ni kuma bai ishe ni ba. Da daddare ina kwance ina kallon Turawa a YouTube, naga suna maganar wani sukuru a gaban mariƙi mai danne babban sifirin, wai in ka sassauta shi kunama zata yi laushi. Washegari muna goge bindiga Baba ya fita alwalar azahar, na ɗauki sukundireba na sassauta shi na mayar da komai yadda yake. A fili na farko ta tashi, na biyu ta tashi, na uku ƙyas. Na tsaya bakinta na kallon taget na jira kamar yadda aka koya mana, don wani harsashin yakan yi jinkiri ya tashi daga baya, sannan na buɗe. Baba ya karɓi harsashin ya juya gindinshi ya ga ɗan tabon da gudumar tayi, ko shiga baiyi ba. Bai kalli bindigar ba ni ya kalla. Oga ƙarami, wa ya taɓa min sukuru. Nayi tsuru tsuru. Abin haushin ma shine sassautawar ba ta rage komai ba a irin harbin da muke yi, tunda mu da babban yatsa muke ɗana guduma kafin kowane harbi, ƙarfin dukan kawai na rage mata. Ya ɗaure shi tam, kwana biyu baya amsa gaisuwata sai da na kai masa goro ɗan Shagamu da sigari.

Yanzu ga inda katakon ya shigo. Ƙotar da ta zo da bindigar siririya ce ta sha hannu tayi santsi, ni kuma hannuna babba ne, duk harbi sai ta zame in sake gyara riƙo, riƙo kuwa in ya canza harbi ya canza. Masu gasa a waje ƙota suke saye da aka sassaƙa daidai tafin hannu, da ɗan dandamali a ƙasa da gefen hannu ke zama a kai. Na duba kuɗinta da dala na rufe wayar. Baba yace ai ƙota ba bindiga bace, katako ne, in samo izinin Oga in ɗauki tsohuwar inje Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere.

Na je wajen wani dattijo mai sassaƙa da aka kwatanta min. Ina fito da ɓari biyun daga aljihu ya juya su ya kalle ni sama da ƙasa, ya ajiye su a hankali kan benci kamar masu zafi, yace Malam wannan ai ƙotar bindiga ce, ni bana irin wannan aikin. Sai da na fito da katin aiki da takardar Oga mai hatimi, ya kira yaron shagon da yayi boko ya karanta masa, sannan ya sauko, kuma wlh ya burge ni. Ya zaɓo maɗaci busasshe, ya kwafi cikin tsohuwar daidai don ta zauna a jikin ƙarfe, wajen kuma ya barshi da kauri. Sauran aikin ni da Baba muka ƙarasa a amori da bodi fila irin na masu gyaran jikin mota. Na saka safar hannu ta roba aka shafa mai, Baba ya kwaɓa fila da maganinta ya lafta a jikin katakon, yace riƙe yadda zaka riƙe ranar gasa, miƙe hannu, kar ka matse kar ka saki. Na miƙe hannu ina kallon bango. Abin ya fara ɗumi, ya koma zafi, warinshi ya cika ɗakin har ido na hawaye, kafaɗata na rawa, shi kuwa yana zaune yana cin goro yana cewa saura kaɗan. Da na zare hannu sai ga shatin yatsuna ɗaya ɗaya a jiki, har da ɗan karkacewar ƙaramin yatsana da ya taɓa karyewa a ƙwallo. Sati biyu muna bi da samfefa, a kankare nan a ƙara can.

Ashe tsugune bata ƙare ba. Doka tace duk bindigar sai ta shiga akwatin awo mai tsawon milimita 300, faɗi 150, kauri 50, ƙotar kuma kar ta zagaye hannu kar ta taɓa wuyan hannu. Baba ya haɗa akwatin da filawud muka saka, murfi ya ƙi rufuwa, dandamalin yayi kauri. Haka na zauna ina kankare abinda na sha wuya na gina. Hancin ma da kyar ya tsallake, inci 6 milimita 152 ne da 'yan kai, iyakar doka 153.

Wani abu da ban taɓa tunani ba, ramuka shida na gangar ba duka suke harbi iri ɗaya ba, barin ma tsohuwa irin wannan. A gasa kuma biyar ake ɗurawa, ɗaya dole ya zauna ba komai, to gara ka san wanne ne ragon cikinsu ka barshi. Baba ya ciji yatsa ya fitar da wodkota 18 daga na ajiya, uku uku ko wane rami a kan buhun yashi, ko wane da takardarshi. Biyar suka taru, ɗaya ya dinga jefa nashi gefe. Na sato jan farcen uwargida muka ɗiga a bayan wannan ramin. Yace to ka riƙe wannan, gangar Smith hagu take juyawa, ta Colt ce ke yin dama, in zaka rufe ka tabbata mai jan yana sama daidai ƙarƙashin guduma, kana ɗanawa zai wuce na damanshi ya hau. Nace Baba wannan ai ko yaro. Allah sarki.

Tunda bindiga bata kwana a gidana, atisayen gida da dutsen guga nake yi, irin na gawayin nan. Na liƙa ɗan baƙin tabo a bangon falo, bayan sallar asuba in miƙe hannu da dutsen guga in ƙirga talatin in sauke, sau ashirin. Uwargida ta leƙo rana ɗaya tace Abban Ummi tunda ka ɗauka ai da ka haɗa da kayan makarantar yaran. Lokacin ne kuma hoton mutumin Turkiyya ɗin nan Yusuf Dikec ya cika waya, wanda yaci azurfa a Olamfik ta Faris a 2024 hannu a aljihu ba wani tarkace a fuska, sai 'yan majalisarmu suka laƙaba min Dikec na Tudun Wada. Nayi ta musu bayani cewa tashi bindigar iska ce ta mita 10, ba wanda ya saurare ni. Shayi ma sai da na rage, don na lura ranar da na sha mai kauri tsinin gaba rawa yake kamar mazari.

Ranar gasa cikin hunturu ne, hazo ya sauko, hannu ya bushe. Mu 11 ne a layi. Wajen duba kaya aka rataya dutsen kilo ɗaya na gaske, gabana na faɗuwa ina tuna fiya wata, ta ɗauka lafiya lau, akwati ma ya rufu. Wani daga wata jiha aka mayar dashi tashi ta faɗi tun kafin nauyin ya bar tebur, naga Baba ya kalle ni ta gefen ido bai ce komai ba. Zagayen natsuwa na ci 266, mafi kyau da na taɓa yi, har da goma uku a jere a ɗuri na huɗu, ƙotar nan ta zauna a hannuna kamar da ita aka haife ni.

A na sauri ne, ɗuri na uku. Taget mai juyawa ta gaske ce ranar, ba usur ba, ƙararta kaɗai ta isa ta tsinka maka zuciya. Aka bada umarnin ɗuri, na saka biyar, na gefena ya yar da harsashi ya duƙa yana nema hankalina ya tafi can, na rufe ganga ban kalli jan farce ba. Na ɗana, na sauke hannu, taget ta juyo, na ɗaga, tsini ya zauna daidai yadda nake so, na ja.

Ƙyas.

Mai jan ne ya hau. Laifin mai harbi ne ba na bindiga ba, don haka ba'a sake baka, sifili ne. Sauran huɗun ban ma san ya na harba su ba, kunnuwana sunyi zafi duk da sanyin da ake. Na gama zagayen da 251, jimla 517, na zo na huɗu. Wanda yazo na uku 523 ya ci. Ko bakwai na samu a wannan harbin da na hau mumbari. A mota ba wanda yayi magana har muka wuce Kawo, can Baba ya miƙo min ɓarin goro yace Oga ƙarami, ko yaro ko.

Bayan wata huɗu aka canza min wajen aiki zuwa wani sashe da ba ruwanshi da fili. Ranar da naje sallama Baba ya ɗauko bindigar ya kwance sukuru ɗaya, ya cire ƙotar ya mayar da tsohuwar, ya miƙo min tawa yace wannan ba ta cikin littafi, kuma ba hannun da zata shiga sai naka. Na saka a aljihu na fito.

Shi yanzu yayi ritaya ya koma gida yana noma, mukan yi waya. Bindigar tana nan, wata ƙanwarmu Kofur ce aka ba, hannunta ƙarami ne ƙwarai, ta gwada tawa yatsanta ko kunama bai kai ba. Satin da ya wuce ta kira ni wai Yallaɓai harbina duk ƙasa yake zubewa ko saitin ne ya goce. Nace kar ki taɓa sukurun, ki samo izinin Oga ki ciro tsohuwar ƙotar, ranar Asabar ƙarfe goma mu haɗu a bakin Panteka, kuma ki taho da katin aikinki don dattijon nan sai ya gani.